Wutsiyar Ragon Cika-Ciki

"Wutsiyar ragon layya ƙafa gare ta, Munira? Gobe cika-ciki, me za a dafa?" Muntaka ya sake daka wa matarsa tsawa.

Dada, mahaifiyarsa, ta yi tsuru-tsuru a kan tabarma. Ita ke yagar wutsiyar nan kullum a ɓoye, yau ta ƙarasa ta. Ga surukarta na shan faɗa a banza.

"To, ni na cinye!" in ji Munira. "Sai ka mayar da ni gidanmu Taura!"

Ta figi mayafinta. Da ta zo gifta tsohuwar, ta sunkuya ta raɗa mata, "Dada, goge haɓarki, akwai maiƙo."

Ta fice, ta bugo ƙofa garam!