Maharbin Bayan Dutse

Dodon ya sake kai wa matata duka, ni kuwa ina bayan dutse da bakana, ko ƙwarzane babu.

A teburin falo ake yaƙin. Autarmu ce ta kawo wasan, ita ke ba da labari, ita ke juya dodon. Kowa da ɗan mutum-mutuminsa, ɗan ludon da ake jefawa ke yanke hukunci. Uwar yara ta zaɓi takobi. Ni na ɗauki kwari da baka, don duk faɗan da na gani a tasha, wanda ya matsa kusa shi ke rasa haƙori.

"Auta, gyara dokar nan," na ce. "Mu maharba mun fi ƙarfin wasan. A ƙara wa mai takobi wani abu, tausayi take ba ni."

Uwar yara ta dube ni ta saman tabarau. "Au, haka ne, Malam? To bismillah." Ta sa yatsa ta janye jarumarta gefe.

Hanya ta buɗe tsakanina da dodo, ga shi ko wuƙa ba ni da ita.

"Haba, ranki ya daɗe, wasa fa nake!"

Auta ta turo dodon. Ya iso dutsen, ya wuce ni, ya bi uwarta.

"Ya haka?"

"Baba, wanda ke ji masa ciwo yake bi. Kibiyarka tana samunsa, amma ba ta huda fatarsa. Bai ma san kana cikin yaƙin ba."