Ƙanƙarar da Na Kai wa Inna

Har yau ina jin ƙarar ƙanƙarar nan tana bugun gefen kwano, ina gudu da ita a cikin zafin bazara na Filinge. Matar wani jandarma mai firji ce ta ba ni, ban ko lasa ba. Inna ta daɗe ba ta cin abin kirki, maganarta ma ta ragu. Maƙwabta suna cewa iska ce ke shaƙe ta.

Na jefa ƙanƙarar a cikin furarta, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar.

"Ɗiyata, don ni kinka yi wannan gudu?"

"Sha, Inna, kafin ta narke!"

Ta yi murmushi, ta kai ludayi baki. Tana haɗiyewa ta dafe ƙasan kunnenta, ta durƙushe, bakinta a buɗe amma babu sauti. Da abin ya sake ta, sai ta share hawaye ta ce, "Akwai daɗi." Ta ƙara ludayi na biyu.

Bayan rasuwarta da shekaru, na kwatanta wa wani likita a Yamai abin, ya gaya mini ciwon wata jijiya ne a maƙogwaro, wanda magana ko haɗiyar abu mai sanyi ke tayarwa. Na faɗa wa ƙanwar Inna, ina kuka. Ta ce ai tun kafin wannan bazarar, Inna a rana take ajiye ruwan shanta don ya yi ɗumi.