Ƙafar Kaka Adawiyya

Da tari Winnie ta iso Tursa, irin tarin da ke watsa kaji a tsakar gida. Ma'aikaciyar lafiya ce 'yar Zuru. Shugabanta Dickson ne ya turo ta daga Wurno ta gwada takardar tambayoyin da suka tsara, mai neman gano abin da ke hana mutane shan kafso yadda likita ya ce. Gwajin ba wuya: a yi wa mara lafiya tambayoyi, a riƙa duba ko maganinsa na raguwa, sannan a ga ko ya warke. In ukun suka dace, takarda ta ci jarrabawa.

A Goronyo ta ci, a Wurno ma ta ci. Da aka zo kan Kaka Adawiyya sai ta cije.

Kaka tsohuwa ce mai gyambo a ƙauri, ga ta da son baƙi kamar me. Tun ranar farko da ta ji tarin nan ta dafe ƙirji, ta ce, “Wayyo ɗiyata, haka sunka turo ki?” Nan take ta shige ɗaka ta damo fura. Daga nan abin ya zama ƙa'ida: kullum da safe Winnie ta wanke gyambo, ta duba kafso, ta sha fura, a kuma cika mata gora ta tafi da ita masauki, ta rana da ta yamma. Furar ta cika citta, har da ɗan bauri a ƙarshe, amma wa zai kushe kyautar tsohuwa?

Amsoshin Kaka kuwa abin a yi guɗa. Tana manta lokacin magani? Ko sau ɗaya. Tana ɓoye saura? Allah ya kiyaye. Ɗaci na damunta?

“Ni ban taɓa jin ɗacinai ba,” in ji Kaka.

Da aka maimaita tambayoyin daga baya, ba ta canza ko kalma ba. Kafso na raguwa daidai yadda ya kamata. Winnie ma ta murmure, tari ya tafi, har ta yi kumatu. Gyambo ne kawai ya ƙi, kullum sai ƙara faɗi yake.

Dickson ya kira Winnie a waya. Ko dai takardar ba ta kama gaskiya, a yage ta a sake sabon aiki, ko kuma cutar ta fi ƙarfin maganin, a kai Kaka Sakkwato, kuma ba ya so ya faɗi abin da za a iya yi wa ƙafar a can.

Tsoro ya kama Winnie sosai, don ta riga ta shaƙu da tsohuwar nan. Ta je ta zauna a gabanta, ta ajiye takardar gefe, hawaye na neman zubo mata.

“Kaka, don Allah, maganin nan ba ya aiki ne?”

Kaka ta kalle ta da mamaki, ta tura mata ƙwaryar fura gabanta.

“Ba shi aiki? To mi ya kashe miki tari? Shanye maza, ɗiyata, kafson ƙarshe na zazzage miki ciki.”