Sha Biyu da Kwata

"Ƙarfe nawa ciwon zuciyar ya kayar da shi?" in ji likita. "Allurar narkar da gudan jini tana da lokacinta."

Matar mai gyaran agogo ba ta sani ba. A ƙasa ta tarar da shi a shago, ba baki. Shekara arba'in yana tsokanarta, "Ke da lokaci ba kwa ga maciji." Yau tsokanar take kewa.

Ta buɗe hannunsa. Agogonta ne a ciki, shekara tara tsaye a ƙarfe shida, kullum sai ya ce "gobe." Ashe yau ya gyara, faɗuwar ta fasa shi, agogon ya tsaya daidai lokacin.

"Sha biyu da kwata, likita!"

Aka yi allurar. Ta raɗa masa, "Tashi, maigida. Gyaran naka bai yi ƙarko ba."