Ƙarar da Aka Shafa wa Fatiha

Shekara huɗu Sadisu yana goya tankin feshin maganin ƙwari a wata babbar gonar ayaba da ke bakin kogi kusa da garin Abu Hujar. Tankin ya tsufa, tiyonsa ya tsage har an ɗaure shi da tsumma. Kullum yakan koma gida idanunsa jajur, bayansa na zafi, matarsa Mairama tana shafa masa man riɗi.

Ziyad, mai kula da leburori, ba ya kiran kowa da sunansa. Wannan jaki ne, wancan kurma. Wanda duk ya nemi kayan kariya, sai ya mai da shi abin dariya a wurin fatur, wato abincin hantsi da ma'aikata ke ci a faranti ɗaya. Abin ƙyamar shi ne sauran ma sukan taya shi, domin kowa na tsoron a juyo kansa.

"Ga amarya tana son safar hannu, kada lallenta ya goge!" in ji Ziyad, ranar da Sadisu ya roƙi safa da tabarau.

Sadisu ya sa aka rubuta masa takardar ƙara a kan Ziyad, ya kai wa Ustaz Jibirin, shugaban sashen kula da ma'aikata, wanda aka ɗauka musamman domin irin wannan kuka. Ustaz ya karanta, ya yi murmushi.

"Ya zol, bawan Allah, mi ya kawo takarda tsakaninmu? Kakanninmu tare sunka taso daga Sakkwato. Bar mini, ni zan gyara."

Ga yadda ya gyara. Washegari ya aika da mota ƙauye aka ɗauko Baba Salih, ƙanen mahaifin Sadisu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi. Ziyad na zaune, takardar tana hannunsa, domin Ustaz ya riga ya miƙa masa ita.

"Ɗana, ka ba mu kunya," in ji tsohon. "Ana kai ɗan'uwa ƙara a rubuce?"

"Baba, tankin ne yake zuba a jikina."

"Malesh, a yi haƙuri, za a duba," Ustaz Jibirin ya katse shi. "Yanzu dai a wanke zukata."

Aka sa Sadisu ya yaga takardar da hannunsa, aka shafa Fatiha. A wurinmu, maganar da dattijo ya shafa wa Fatiha ba a sake tono ta, wanda ya tono kuwa ya raina manya. Ustaz Jibirin ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓi tabarma a kan ofis. Babu wanda ya duba tankin.

Daga ranar Ziyad ya mai da Sadisu feshin tsakar rana, a ɓangaren gona mafi nisa da ruwa. Abokan aiki suka daina gaishe shi.

A kwana na goma sha biyu tiyon ya fashe, maganin ya watsu a fuskarsa. Ya faɗi yana ihu. Mutum uku na kusa da shi, amma kafin su motsa sai da suka dubi Ziyad.

"Ku bar shi, neman hutu yake," in ji shi.

Sai da ihun ya ƙi ƙarewa aka ɗebo ruwa. Likita a asibitin birnin Sinnar ya ce ido ɗaya ya mutu, ɗayan kuma inuwa kawai zai riƙa gani.

Mairama ta je ofis da kanta. Ustaz Jibirin ya buɗe fayil ɗin mijinta, ya juya shafuka a natse.

"'Yar'uwa, babu inda ya taɓa kai ƙara. Da ya sanar da mu, da mun ɗauki mataki."

Ya rufe fayil ɗin, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Ya mai karatu, sulhun da ke rufe bakin wanda aka zalunta zalunci ne na biyu. Duk wanda aka damƙa wa amanar ma'aikata, wajibi ne ya karɓi ƙara, ya adana ta, ya bincika, ya kare mai ita. Idan ya binne ta da sunan zumunci, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.