Ranar da na yi wa Baba tafinta

Ina da shekara tara ranar da Baba ya riƙe hannuna muka shiga ofishin 'yan sanda a Sabha. Da safe yayana Ilu ya fita sayen burodi, aka kwashe shi tare da leburori a bakin titin Manshiya. Baba magini ne, Larabcinsa bai wuce na siminti da bulo ba. Ni kuwa ina ji sarai.

"Faɗa mishi yaro ne," in ji Baba. "Shekararsa sha huɗu, tsawo ne kawai."

Na faɗa. Ɗan sandan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ina takardar haihuwa? In babu, babba ne. Cikin manya za a rufe shi."

A ƙauye aka haifi Ilu, can Damagaram, ba shi da takarda.

Baba ya duƙo. "Mi ya ce, ɗiyata?"

Na ce, "Ya ce mu dawo gobe."

Baba ya dafa ƙirji ya yi wa mutumin godiya har sau biyu. Yau ina da 'ya'yana, amma in na tuna godiyar nan sai abinci ya fita raina.