Ɗan Aike a Bakin Bututu

Zauna, Malama, in ba ki wani misali. An yi wani ma'aikacin ɗakin karatu, sunansa ya shige mini, da aka tura wani ƙauye a ƙasar Gumel, ko Haɗeja ce, ya ɗauko hoton tsofaffin littattafan hannu. Wata tsohuwa ce ke riƙe da su, gadon mahaifinta, sai da ya sha zarya kafin ta buɗe masa adaka. Wata uku ya yi durƙushe kan tabarma, shafi bayan shafi, har bayansa ya ƙage. Da ya dawo ofis ya juye hotunan a kwamfuta, ya goge katin kyamara, sai ga kwamfuta ta cika, da yawan hotunan kuma dishi-dishi ne saboda duhun hadari. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya sa umarni ɗaya ya tattaro sunayen duk hotunan da ya ɗauka a ranakun hadari, ya tura su ta bututu, wato alamar da ke kwarara abin da umarni ɗaya ya fitar zuwa na gaba, zuwa umarnin sharewa. Ko gezau. Ya sake, ko gezau. Shi umarnin sharewa haka aka yi shi: ba ruwansa da abin da ke kwararowa ta bututu, sai sunan da aka damƙa masa hannu da hannu.

Abokiyar aikinsa ta leƙo ta ce, "Haba Malam, ruwa kake ta zubawa a bayan randa. Sa xargs a tsakani, shi ne ɗan aiken da zai tari sunayen a bakin bututu ya miƙa masa. Amma ka sa ya fara karanto maka su, don shi ba ya tambaya." Ya ce, "Suna dubu huɗu? Da waɗanne idanun?" Azahar ta gota, cikinsa ba komai, idanun na yi masa yaji. Ya sa xargs, ya danna. Kafin ya sauke hannu an gama. Ashe a ranakun hadarin ma rana takan leƙo, a irin wannan lokacin ne ya ɗauki littafin magunguna, wanda dominsa aka tura shi, ya fito tar-tar. Ɗan aike bai ware ba, duk ya miƙa. Mako na zagayowa, ga damina ta yi nisa, hanya ta cabe, bawan Allah ya sake ɗaure kaya a babur ya kama hanyar ƙauye, bai ma san da wane baki zai yi sallama ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.